Digirin Situma na Wata Uku

A garin Kimilili babu wanda bai san Situma ba, don ko ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa. Shagonsa na gyaran waya yana bakin tashar 'yan boda, wato 'yan acaɓa, an rubuta "Babban Asibitin Waya" da jan fenti a saman ƙofa. Kowace irin cuta wayarka ta kwaso, maganin Situma uku ne: ya hura mata iska, ya ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, in ta ƙi ya binne ta cikin shinkafa ya ce ka dawo jibi. In ta tashi, gwanintarsa ce. In ba ta tashi ba, kwananta ne ya ƙare.

Wata safiya ana zaune a rumfar shayi sai ga dattijo Mzee Khaemba, shugaban ƙungiyar masu shanun madara, ya zo ya jingine sandarsa.

"Ƙungiya ta sayi kwamfutoci huɗu," in ji shi. "Muna neman mai kula da su. Amma kwamiti ya ce sai mai digiri. Ranar babban taro, nan da wata uku, za mu zaɓa a gaban kowa."

Situma ya dire kofinsa har shayi ya fantsama. "Mzee, ku daina wahalar da kanku da cigiya. Ga ma'aikacinku a zaune."

Makokha, ɗan boda, abokinsa tun firamare, ya ƙware da dariya. "An ce mai digiri, mutumina, ba a ce mai baki ba."

"Digirin me? Wata uku ai ya yi mini yawa."

"Digirin da mutane ke shekara huɗu a kai?"

"Mutane ka ce. Ni akwai wata jami'a a Amurka, ta intanet ake yin ta, ko takalmi ba sai ka sa ba. Maki ɗari da ashirin ake tarawa a ba ka digiri. Kuma duk wani kwas da ka taɓa yi a duniya, ka tura musu takardar, su lissafa maka makinsa su yafe maka darasin. To, ni kuwa takardun da ke ƙarƙashin gadona, in na tura su gaba ɗaya, ƙila su ce in zo in koyar."

Mzee Khaemba ya shafa furfurarsa. "Akwai wata Chebet daga Eldoret da ta riga ta kawo takardunta."

"Ta zo ta yi kallo, Mzee. A ajiye mata kujera a gaba."

Da rana ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, matarsa Naliaka tana tsintar wake tana kallonsa. Ya dinga zaro takardu yana karkaɗe kashin kyankyaso. Ga ta taimakon gaggawa. Ga ta alƙalancin ƙwallo. Ga ta bitar abinci mai gina jiki, wadda ya je don an ce ana raba kaza. Ga ta koyar da yara a makarantar Lahadi, shekarar da yake neman auren Naliaka yana so iyayenta su ɗauke shi salihi. Ga ta mawaƙan coci, ga ta tuƙi, ga ta kwas ɗin kwamfuta na sati biyu.

"Baban Nafula, waccan ai ta baftismarka ce," in ji Naliaka.

"Ita ma ilimi ne. Sai da na haddace addu'o'i aka ba ni."

Bai yarda ya cika fom shi kaɗai ba. Sai da ya fito da kwamfutarsa ƙofar shago, ya tara 'yan boda da masu talla, hannu ɗaya a kan linzamin kwamfutar, ɗayan riƙe da mandazi, wato fanke, mai maiƙo, yana bayanin yadda Turawa za su gigice. Aka zo wurin zaɓar fanni. To, a jerin, digirin kwamfuta da digirin renon jarirai da ƙananan yara maƙwabta ne, kuma da Turanci gajeren sunansu harufa biyu ne iri ɗaya. Situma idonsa na kan jama'a, ya danna na sama maimakon na ƙasa, ya ce, "Shi ke nan. Aikin minti biyar."

Bayan kwana shida amsa ta zo. Situma bai karanta komai ba sai lambar da aka rubuta da manyan baƙi: an karɓi maki arba'in da takwas.

Ranar garin bai huta ba. Ya bi layin 'yan boda, ya shiga kasuwa, ya leƙa har wurin mahauta. "Arba'in da takwas! Ban buɗe littafi ba na ci kusan rabi! Makokha, ina kake? Zo ka ƙirga!"

"Da takardar ƙwallo suka ba ka?"

"Hassada za ta kashe ka a kan babur."

Kafin sati ya zagayo ya sa an ƙara "Injiniya Situma" a jikin allon shago. Ya kai wa tela yadin kwat mai ruwan toka. Ya samu mai shagon ya gaya masa ya nemi wani ɗan haya, don shi nan da wata uku ofis zai koma. Ya aika ƙauye aka shaida wa tsohuwarsa ta shirya zuwa taro.

Sannan ya zauna karatu, ƙofa a buɗe, don masu wucewa su gani. Darasi na farko: yadda ƙwaƙwalwa ke girma a shekara ukun farko.

Makokha ya leƙo ta kafaɗarsa. "Me ya kawo hoton jariri?"

"Jahilci dai bai yi ba. Kwamfuta ba na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ce? Misali suke yi. Sabuwar kwamfuta kamar jariri take."

Darasi na biyu: dalilai shida da ke sa kuka.

"Ba ka taɓa jin kwamfuta na kuka ba in ta yi zafi?" in ji Situma, amma wannan karon a hankali ya faɗa.

Darasi na uku: yadda ake canza nafkin. Wata Baturiya ta fito a bidiyo da 'yar tsana da hoda, tana murmushi. Situma ya kalla har ƙarshe yana jiran inda kwamfuta za ta shigo. Ba ta shigo ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya koma kan wasiƙar da aka aiko masa, ya karanta ta daga farko, abin da bai taɓa yi wa wata takarda ba a rayuwarsa. Gumi ya karyo masa har cikin safa.

Ya kira jami'ar. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

"An yi kuskure a ofishinku," in ji shi. "Ni injiniyan kwamfuta ne, kun kai ni wurin goyo."

"Abin da ka zaɓa ke nan, Malam Situma. Kana iya canzawa, amma sai zango mai zuwa, nan da wata shida."

"Da makina arba'in da takwas?"

"A'a. Waɗannan na taimakon gaggawa ne da koyar da yara da abinci da waƙa, duk a fannin reno suke da amfani. In ka koma kwamfuta, uku za su bi ka."

"Uku me?"

"Maki uku. Na kwas ɗin sati biyu. Af, kuma mun mayar maka da takardar baftisma, amma mun taya ka murna."

Ya ajiye waya ya juya, sai ga Naliaka tsaye da kwanon ugali, tuwon masara, da ta kawo masa ta ƙofar baya. Ta ji komai. Ta ajiye kwanon a hankali don kar ya zube, sannan ta zauna a ƙasa ta riƙe ciki.

"Maman Nafula, rufa mini asiri."

"Wayyo cikina! 'Ya'ya uku na haifa maka, ko ɗaya ba ka taɓa ɗauka ba in yana da ɗumi a gindi. Ashe Allah ajiye ka ya yi sai Turawa sun sa ka!"

"Saurara. Digiri digiri ne. Harufan nan biyu duk ɗaya ne. In na gama, in ɗora babban yatsa a kan sauran rubutun, wa zai sani? Mzee ko da tabarau sai an karanta masa."

"In kwamfutocin suka lalace fa?"

"Shinkafa ta ƙare a kasuwa ne?"

Haka Situma ya faɗa karatun reno da gudu kamar wanda kare ya biyo. Jarrabawar rubutu ba ta ba shi wuya ba, don duk abin da ya shige masa duhu sai ya ƙwala wa Naliaka kira, ita kuwa ba ta amsawa sai ya wanke mata tukwane. Maki ya hau sittin, ya hau saba'in. Kowane ƙari sai ya je rumfar shayi ya sanar, amma yanzu kwamfutar a rufe yake zuwa da ita.

Sai aka zo darussan aiki da hannu, aka ce a turo bidiyo.

Ya ari 'yar tsanar autarsu, ya rufe shago ya manna takarda: "Ana gwajin sirri, kada a ƙwanƙwasa." Naliaka ta ɗaura masa 'yar tsanar a baya da zanenta, ta riƙe waya tana ɗauka. Situma ya fara jijjiga yana rera waƙar lallashi da muryar nan tasa ta mawaƙan coci, wadda ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

'Yan boda suka kashe babura suka kasa kunne. Makokha ya manna ido a ramin makulli.

"Injiniya! An yi haihuwa ne ba mu ji ba?"

"Lasifika nake gwadawa! Matsa daga nan, akwai wutar lantarki!"

"Lasifikar ce ka goya da zanen Maman Nafula?"

"Don kar danshi ya shige ta! Ka san abin da danshi ke yi wa na'ura?"

Makokha ya koma ya ba da labari, aka yi dariya, amma wasu suka ce a bar mai ilimi da iliminsa, ai ba a san yadda ake yi a Amurka ba.

Jami'a ta yaba bidiyon, ta ce saura na gaske: awa arba'in tare da yara masu rai. Situma ya sa taye ya nufi gidan renon Mama Nanjala, wata dattijuwa da ke kula da yaran matan kasuwa a bayan coci.

"Mama, bincike nake yi a kan yadda ƙwaƙwalwar yara ke karɓar kimiyyar zamani."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To, ɗauki wancan, ya ɓata wandonsa. Ka fara binciken daga nan."

Yara goma sha bakwai ne. Ranar farko ɗaya ya cije shi a gwiwa, ɗaya ta cusa masa wake a kunne, biyu suka kama tayensa suka yi lilo har idonsa ya fito. Ya ajiye kwamfutarsa a kan benci don ya raba faɗa, kafin ya juyo wata mai tausayi ta ba ta kunu da cokali, don ta ga ita kaɗai ba a ba wa ba. Kwana biyu kwamfutar na cikin shinkafa. Da ta tashi, harufa uku sun mutu, kuma in ta yi zafi ƙamshin gero take yi.

Rana ta huɗu wani ya yi masa fitsari a kafaɗa daidai lokacin da Makokha ya sauke fasinja a bakin gidan.

"Injiniya, wannan ma danshin ne?"

"Ruwan sanyaya na'ura ne. Wuce ka ba ni wuri."

Amma wani abu ya faru da Situma bai shirya masa ba. A sati na biyu ya fara gane kukan yunwa da na barci da na neman rigima. Surutun da ya ishi manya, yara sai suka same shi abin sha'awa: ya zauna ya yi ta ba su labarin yadda ya taɓa gyara wayar wani matuƙin jirgin sama, su yi tsit har barci ya kwashe su. Mama Nanjala ta ce shekara ashirin tana wannan aiki ba ta taɓa ganin maganin barci irinsa ba. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Ranar taro ta zo, makinsa ɗari da ɗaya. Bai gama ba, amma ya shirya dabara: zai haska lambar a bango da majigi, ƙatuwa, ya ce sauran goma sha tara suna hanya, takardar digiri kuma tana cikin jirgi.

Zauren ƙungiya ya cika har tagogi. Manoma da matansu, 'yan boda a baya, tsohuwarsa a layin gaba da sabon ɗankwali tana gaya wa na kusa da ita, "Ɗana ne." Chebet ta Eldoret ta tashi ta yi bayaninta cikin minti uku, ta miƙa takardunta ta zauna. Wani jariri, jikan Mzee Khaemba, yana ta tsala kuka a hannun uwarsa tun da aka buɗe taro da addu'a.

Situma ya hau dandamali cikin kwat mai ruwan toka, ya karɓi makirufo.

"Jama'a, abin da wasu ke yi a shekara huɗu, ni ɗanku na yi shi a wata uku. Ba da baki ba. Gani ya kori ji."

Ya ɗauki wayar majigi ya nemi ramin da za ta shiga. Ya gwada dama, ya gwada hagu. Ya hura mata iska. Ya ƙwanƙwasa majigin a tafin hannu.

Daga baya Makokha ya ɗaga murya. "A kawo shinkafa!"

Zaure ya ɗauki dariya. Chebet ta taso, ta juya wayar ta soka, bango ya yi haske.

"Na gode, ƙanwata. Gwada ki nake yi."

Ya kai hannu zai buɗe shafin maki. To, tun ranar kunu linzamin kwamfutar ke da ra'ayin kansa. Ya danna nan, ya buɗe can. Sai ga Situma a bango, tsayinsa ya kai rufi, ɗaure da zane mai furanni, 'yar tsana a baya, yana karkaɗa ƙugu yana rera, "Yi shiru, yi shiru, ɗan lele, mama ta tafi kasuwa."

Zauren ya fashe da dariya. Wani tsoho ya faɗo daga benci. Matan baya suka kama amshi suna tafi. Situma ya danna don ya kashe, ƙara ta ƙaru. Ya sake dannawa, wani bidiyon ya fito: ga shi durƙushe a gidan Mama Nanjala, ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana ɗaga nafkin da ɗayan yana yi wa kyamara bayanin launinsa.

"Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar!" ya yi ihu. "Maƙiya ne! Haɗa hoton aka yi!"

Daga cikin mata Naliaka ta miƙe tana share hawaye. "Ni na ɗauka, Baban Nafula! Sau huɗu muka maimaita!"

Ya fizge wayar majigin, ya mayar, sai ga shafin makin ya fito da kansa, ɗari da ɗaya, da cikakken sunan digirin a sama. Situma ya ruga ya ɗora babban yatsa a bango. Kowane harafi ya fi kansa girma.

Mzee Khaemba ya gyara tabarau. "'Yata Chebet, karanta mana. Idona ba ya kai wa."

Ta karanta a hankali, da ladabi. "Digiri a fannin renon jarirai da ƙananan yara."

Tsohuwar Situma ta juya wurin ta kusa da ita. "Me aka ce ɗana ya zama?"

"Mai goyo, Mama."

Situma na tsaye, yatsa a bango, makirufo a hannu. Dariya ta lafa kaɗan, aka bar kukan jikan Mzee shi kaɗai yana tsaga zaure. Uwar ta jijjiga, ta ba shi nono ya ƙi, ta miƙa wa kakarsa, kakar ta miƙa wa maƙwabciya. Situma ya saurara. Fuskarsa ta yamutse. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Haba! Ba haka ake riƙe shi ba!" Muryarsa ta fita ta lasifika. "Wannan ba kukan yunwa ba ne, iska ce a cikinsa. Miƙo shi nan!"

Ya diro daga dandamali ya karɓi yaron, ya kifa shi a kafaɗa, ya shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama, ya ɗan bubbuga sau uku. Makirufo na daidai bakin jaririn. Yaro ya saki wata gyatsa da ta girgiza tagogi, ya bi ta da tumbuɗin madara tun daga kafaɗar sabuwar kwat har aljihu, sannan ya kwantar da kai ya yi barci.

Wannan karon tafi aka yi na gaske, mata har da guɗa.

Mzee Khaemba ya buga sandarsa a ƙasa. "Kwamiti ya ga abin da ya gani. Kwamfutoci, Chebet. Situma, kar ka motsa, in ka tashe shi ni da kai ne."

Haka ya ƙarasa taron a tsaye, yana jijjiga, madara na bin hannun riga, ana karanta rahoton shekara. Duk sanda ya buɗe baki zai kare kansa, sai zaure gaba ɗaya ya ce masa, "Shhh!"

Ranar Litinin ya fito da sassafe, ya sa hula har ido, da niyyar roƙon mai shago kar ya ba wani haya. Yana shan kwana ya tsaya cak. Mata goma sha ɗaya ne a ƙofar shagon, kowace da goyo, sun ja layi har tashar boda. A ƙarshen layin Makokha ne tsaye, riƙe da wayarsa da ta faɗa kwata.

"Injiniya, nawa kwana uku ba ya barci," in ji ta farko a layi.

"Injiniya, tawa haƙori take yi."

Situma ya dubi layin. A hankali ya tura hular baya, ƙirji ya fara tasowa. Ya buɗe ƙofa, ya jawo benci, ya naɗe hannun riga.

"Ɗaya bayan ɗaya, ban son hayaniya. Kun yi sa'a, irina biyu ne a Afirka, ɗayan ma ya yi ritaya."

Makokha ya ɗaga wayarsa. "Mutumina, ni fa? Tun jiya ta ƙi kawo wuta."

Situma ya karɓi jariri na farko, ko kallon wayar bai yi ba.

"Tana kuka?"

"A'a."

"To, ba fannina ba ne. Kai wa Chebet."